UZURI BIYU DA BA SA WANKE SHUGABA: ƘADDARA DA KYAKKYAWAR NIYYA



'Yan uwa, akwai uzuri guda biyu da masu mulki suka fi fakewa da su idan aka tsare su da tambaya kan rayukan jama'a. Na farko su ce abin ya fi ƙarfin kowa, ƙaddara ce, babu wanda ya san zai zo. Na biyu su ce ai don taimako muka yi, niyyarmu alheri ce. Duka biyun suna da nauyi a kunnen musulmi, domin mun yi imani da ƙaddara, kuma mun san matsayin niyya a cikin aiki. Shi ya sa da zarar an ambace su sai bakinmu ya mutu, mu ji kamar ci gaba da tambaya rashin ladabi ne ga Allah.

Ni kuma ina ganin wannan shirun kuskure ne. Ƙaddara gaskiya ce, niyya ma gaskiya ce, amma ko ɗaya daga cikinsu ba ta ɗauke wa shugaba tambaya a kan amanar da ya karɓa. Zan kafa hujja da al'amura biyu da suka faru a Turai cikin 'yan shekarun nan: binciken da aka yi wa gwamnatin Birtaniya kan shirinta kafin annobar korona, da kuma yaran Yukren da aka kwashe zuwa Rasha a cikin yaƙi. A ido ba su da alaƙa. Ɗaya laifin barin abin da ya kamata a yi ne, ɗayan laifin aikata abin da bai kamata ba. Abin da ya haɗa su shi ne, wanda aka cuta ba ya iya kai ƙara da kansa: ko dai yana kabari, ko kuma yaro ne ƙarami a hannun baƙi.

UZURI NA FARKO: AI ƘADDARA CE

A watan Oktoba na 2019, wasu cibiyoyin bincike suka fitar da jadawalin ƙasashen duniya gwargwadon shirinsu na tunkarar annoba. Amurka ce ta zo ta ɗaya, Birtaniya ta biyu. Ba a yi wata shida ba korona ta iso, kuma waɗannan ƙasashe biyu suna cikin waɗanda suka fi binne mutane. A Birtaniya kaɗai sama da mutum 200,000 suka rasu. A duniya baki ɗaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarun 2020 da 2021 an samu ƙarin mace-mace kusan miliyan 15 fiye da yadda aka saba.

Iyalan mamatan Birtaniya ba su yarda a ce musu su yi haƙuri kawai ba. Suka haɗa ƙungiya, suka je bangon da ke bakin kogin Thames daura da majalisar dokoki, suka riƙa zana jajayen zukata, kowace zuciya tana wakiltar mamaci guda, yadda 'yan majalisa ba za su leƙo ta taga ba sai sun gani. Suka matsa lamba har aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin wata tsohuwar alƙaliyar kotun ɗaukaka ƙara, Heather Hallett. Aka kira manya ɗaya bayan ɗaya suka yi rantsuwa suka amsa tambayoyi a bainar jama'a, har da Boris Johnson wanda shi ne firaminista lokacin annobar, wanda ya shafe kwana biyu a gaban kwamitin a watan Disamba na 2023.

A ranar 18 ga Yuli 2024 rahoton farko ya fito, kuma hukuncinsa a fili yake: gwamnati ta gaza wa 'yan ƙasarta. Abin lura a nan, ba a ce ta gaza don cutar ta shigo ba. An ce ta gaza ne saboda abubuwan da suka gabaci zuwan cutar. Tsarin da ƙasar take dogaro da shi na 2011 ne, kuma an gina shi a kan zaton cewa mura mai tsanani ce za ta zo, ba a yi tanadin wata cuta daban ba. A 2016 an yi wani babban atisaye na gwaji, aka ga a fili cewa shirin ƙasar bai isa ba, aka rubuta shawarwari, amma da yawa daga ciki ba a kammala aiwatar da su ba, kuma rahoton atisayen bai fito ga jama'a ba sai a watan Oktoba na 2020, bayan an riga an binne dubun dubata. Wasu daga cikin ayyukan shirin ma an jingine su ne saboda an karkatar da ma'aikata zuwa shirin ficewar ƙasar daga Tarayyar Turai.

To, a nan ina ƙaddara take, ina sakaci yake? Zuwan cutar ƙaddara ce. Amma rahoton da aka rubuta aka ajiye a cikin durowa, hannun mutum ne ya ajiye shi.

Mu duba wata ƙasa don a ga bambanci. A 2015 cutar numfashi ta MERS ta shiga Koriya ta Kudu, mutum 186 suka kamu, 38 suka mutu, jama'a suka yi wa gwamnati ca saboda ɓoye sunayen asibitocin da cutar ta ɓulla. Gwamnatin ta ɗauki darasi, ta gyara dokokinta na bin sawun masu cuta da na saurin amincewa da kayan gwaji. Da korona ta zo bayan shekara biyar, cikin 'yan makonni suka fara gwajin mutane da yawa. Cuta ɗaya ce ta sauka a Seoul da Landan. Abin da kowa ya ajiye tun kafin ta sauka shi ne ya bambanta.

Wannan ba sabon abu ba ne a wajenmu. A zamanin Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, annobar Amwas ta ɓarke a ƙasar Sham wajen shekara ta 18 bayan Hijira. Umar yana kan hanyarsa ta zuwa can, da ya isa wani wuri da ake kira Sargu sai kwamandoji suka tare shi da labarin. Bai yanke hukunci shi kaɗai ba. Ya kira Muhajirai ya shawarce su, suka saɓa. Ya kira Ansaru, su ma suka saɓa. Ya kira dattawan Ƙuraishawa, suka haɗu a kan a juya. Da ya ba da umarnin komawa Madina, Abu Ubaida ya tambaye shi ko wannan ba gudun ƙaddarar Allah ba ne. Umar ya ba shi misali da makiyayin da ya sauka da raƙumansa a kwari mai gefe biyu, ɗaya mai ciyawa, ɗaya ƙeƙasasshe. Duk gefen da ya kai su, da ƙaddarar Allah ya kai su, amma ai babu mai hankalin da zai zaɓi ƙeƙasasshen ya ce ƙaddara ce ta sa shi. Daga baya Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da abin da ya ji daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na hana shiga garin da annoba take da hana fita daga cikinsa, sai ya dace da abin da Umar ya yanke.

Wannan annoba ta ci Abu Ubaida kansa, ta ci Mu'azu ɗan Jabal, ta ci dubban musulmi. Babu wanda ya zargi Umar da mutuwarsu, domin ya yi abin da yake hannunsa. Haka kuma kissar Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi: an sanar da shi cewa fari na shekara bakwai yana tafe, bai ce a zauna a jira hukuncin Allah ba, sai ya tsara yadda za a adana hatsi a cikin zangarniyarsa tun a shekarun yalwa, ya kuma nemi a ɗora shi a kan rumbunan ƙasar. Yunwar ta zo kamar yadda aka ƙaddara, amma ta tarar da rumbu a cike.

Saboda haka ƙaddara ta'aziyya ce ga wanda aka yi wa rashi. Uwar da ta rasa ɗanta, mu ce mata ta yi haƙuri, kwanansa ne ya ƙare, kuma gaskiya muka faɗa. Amma idan wanda aka ba kuɗin sayen iskar numfashi bai saya ba, sannan ya ɗauki wannan kalma ya rufe kansa da ita, to ya saci maganar mai makoki ya mayar da ita garkuwa. Malamai sun daɗe da bambance wannan: ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kafa hujja da ita a kan laifi.

Wani zai ce, ai shugaba ba ya sanin gaibu, kuma kuɗin ƙasa ba ya isar komai. Idan ya tara kayan kariya na biliyoyi annobar ba ta zo ba har suka lalace, ku ɗin nan za ku ce ya yi almubazzaranci. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma dole a yi wa shugaba adalci. Ba a tambayarsa a kan abin da ba zai yiwu ya sani ba. Ana tambayarsa abu uku: me aka gaya maka, yaushe aka gaya maka, me ka yi da ka ji? Idan ya ji gargaɗi ya auna, ya zaɓi ya kashe kuɗin a wata buƙata da ya ga ta fi gaggawa, ya faɗa wa jama'a haka, to ya yi ijtihadi, ko da bai dace ba. Idan kuwa ya ji ya ɓoye, ya ci gaba da gaya wa mutane cewa komai a shirye yake, wannan cin amana ne. Ga shi kuma tun 2005 ƙasashen duniya suka amince da dokokin lafiya na ƙasa da ƙasa, inda kowace ta ɗauki alkawarin gina hanyoyin gano annoba da kai rahotonta. Wanda ya sa hannu a kan alkawari ba zai dawo ya ce bai san da zancen ba.

UZURI NA BIYU: AI CETON SU MUKA YI

Rasha ta afka wa Yukren da cikakken yaƙi a ranar 24 ga Fabrairu 2022. Bayan shekara guda da 'yan kwanaki, a ranar 17 ga Maris 2023, Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke birnin Hague ta ba da sammacin kama Shugaba Vladimir Putin da kwamishinarsa mai kula da haƙƙin yara, Maria Lvova-Belova. Tuhumar ita ce kwashe yara ba bisa doka ba daga yankunan Yukren da sojojin Rasha suka mamaye zuwa cikin Rasha. A wannan watan ne kuma kwamitin bincike mai zaman kansa na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce abin da ya bincika na kwashe yaran ya kai matsayin laifin yaƙi.

Gwamnatin Yukren tana da sunayen yara sama da 19,000 da ta ce an tafi da su. Wasu daga gidajen marayu aka ɗebe su. Wasu an raba su da iyayensu a wuraren tantance mutane. Wasu kuma iyayen ne suka yarda a kai su sansanin hutu na 'yan makonni don su huta da ƙarar bama-bamai, da lokacin dawowa ya yi sai aka ce babu hanya. Masu bincike na Jami'ar Yale ta Amurka sun fitar da rahoto a watan Fabrairu 2023 cewa sun gano aƙalla yara 6,000 da aka ajiye a wurare 43, kuma a mafi yawan wuraren ana ba su tarbiyyar kishin Rasha. A watan Mayu na 2022 Putin ya sa hannu a kan dokar da ta sauƙaƙa bai wa marayun Yukren takardar zama 'yan Rasha, abin da ya buɗe ƙofar miƙa su ga iyalai a can. Ita kanta kwamishinar ta faɗa a fili cewa ta ɗauki wani matashi daga birnin Mariupol ta riƙe a gidanta.

Rasha ba ta musanta cewa yaran suna wajenta ba. Abin da take cewa shi ne ta fitar da su ne daga bakin wuta, cewa mafi yawan yaran da suka shiga ƙasarta tare da iyayensu ko danginsu suka shiga, kuma ita ba mamba ce a wannan kotu ba, don haka sammacin ba ya hawa kanta. Mu ɗauka, don a yi adalci, cewa akwai ma'aikata a cikinsu da tausayi na gaske ne ya motsa su. Wanda ya ga yaro a ƙarƙashin ginin da ake yi wa luguden wuta, ɗauke shi wajibi ne, babu mai jayayya.

Amma ceto yana da alamomi, kuma duniya ta rubuta su tun da daɗewa saboda ta sha ganin irin wannan. A yaƙin duniya na biyu 'yan Nazi sun kwashe dubban yaran Poland waɗanda suka ga kamanninsu sun yi musu, suka canja musu suna, suka raba wa iyalan Jamusawa, da yawansu ba su sake sanin asalinsu ba. Shi ya sa yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi ta 1948 ta lissafa kwashe 'ya'yan wata al'umma da ƙarfi a mayar da su cikin wata a jerin ayyukan da ke iya zama ƙare dangi, idan aka yi da nufin shafe al'ummar. Yarjejeniyar Geneva ta huɗu ta 1949 ta hana mai mamaya kwashe mutane daga ƙasar da ya mamaye zuwa tasa, ta wajabta masa taimakawa a tantance yara da iyayensu, ta kuma hana shi canja matsayinsu. Sai ƙarin yarjejeniyar 1977, wadda Rasha da Yukren duk suna cikinta, ta zo da bayani dalla-dalla: idan larura ta sa dole a fitar da yaran da ba naka ba zuwa wata ƙasa, to na ɗan lokaci ne, da rubutaccen izinin iyaye ko waliyyai idan ana iya samunsu, a ci gaba da ba su ilimi da tarbiyyar addini irin wadda iyayensu suke so, sannan a cike wa kowane yaro kati mai hotonsa da sunansa da sunan mahaifinsa da na mahaifiyarsa da harshensa da adireshin gidansu, a aika wa ofishin neman ɓatattu na ƙungiyar Red Cross ta duniya.

Ku dubi wannan kati da kyau, domin shi ne ma'aunin. Mai ceto yana rubuta sunan yaro da na ubansa saboda yana da niyyar mayarwa. Wanda ya tsinci akuya a kan hanya ma cigiya yake yi, balle ɗan mutum. Idan ka ga an ɗauki yaro, ba a miƙa jerin sunaye ga masu nema ba, an ba shi takardar wata ƙasa, an sa shi a gidan wasu, ana koya masa cewa ƙasar iyayensa abokiyar gaba ce, kuma sai uwa ko kaka ta yi tafiyar kwanaki ta ratsa ƙasashe kafin ta karɓo shi, to ko me aka kira wannan, ya wuce ceto. Zuwa tsakiyar 2025 yaran da suka dawo sun haura dubu ɗaya amma ba su kai dubu biyu ba, wasunsu ta hanyar shiga tsakanin da ƙasar Qatar ta fara tun watan Oktoba na 2023. A tattaunawar Istanbul ta watan Yuni 2025 wakilan Yukren sun miƙa wa na Rasha jerin farko na sunayen yara 339. Wato masu nema ne suke kawo sunaye, alhali wanda yaran suke hannunsa shi ya kamata ya fara kawowa.

A nan addininmu yana da magana mai ƙarfi. Zaidu ɗan Harisa yana yaro mahara suka kama shi lokacin da ya bi mahaifiyarsa ziyarar danginta, aka sayar da shi a kasuwar Ukaz, ya faɗa hannun Nana Khadija, ita kuma ta ba da shi ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mahaifinsa bai daina nema ba har ya ji labarinsa a Makka, ya zo da ɗan uwansa da kuɗin fansa. Ba a ɓoye musu yaron ba, ba a karɓi ko sisi ba, aka kira Zaidu aka ba shi zaɓi a gabansu. Da ya zaɓi zama, sai aka riƙa kiransa Zaidu ɗan Muhammadu, har wahayi ya sauka a cikin Suratul Ahzab aka soke wannan al'ada, aka mayar masa da sunan mahaifinsa. Ku yi tunani, 'yan uwa. Babu gida a bayan ƙasa da ya kai wannan gida alheri, babu marikin da ya kai wannan mariƙi kyakkyawar niyya, kuma yaron da bakinsa ya zaɓa. Duk da haka sunan uba bai faɗi ba. To wane gida ne a Mosko, ko a ko'ina, zai ce kyautatawarsa ta ba shi ikon goge asalin yaro? Haka kuma ya tabbata a sunna cewa an yi gargaɗi mai tsanani a kan raba uwa da ɗanta, kuma malamai sun kawo hukuncin a babin fursunonin yaƙi, lokacin da mai nasara yake ganin komai ya halatta gare shi.

Kuma mayarwa abu ne mai yiwuwa idan da niyya. A yaƙin basasar Najeriya an kwashe dubban yara masu fama da yunwa daga yankin Biyafara zuwa Gabon da Kwaddibuwa. Da yaƙi ya ƙare a 1970 aka zauna da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, aka bi sunaye, aka dawo da su gida.

TO, BA SIYASAR TURAWA BA CE?

Na san abin da yake ran da yawa daga cikinku, kuma gara mu faɗe shi. Za ku ce wannan kotu ta daɗe tana farautar 'yan Afirka, kuma ƙasashen da suka fi ɗaga murya kan yaran Yukren su ne suka yi gum, ko ma suka ba da makamai, lokacin da ake ciro gawarwakin yaran Gaza daga ƙarƙashin gine-gine. Wannan zargi yana da tushe. Da kotun ta ba da sammacin kama Benjamin Netanyahu da tsohon ministan tsaronsa Yoav Gallant a watan Nuwamba 2024, mun ga yadda wasu da suka yi tafi a kan sammacin Putin suka fara kame-kame.

Amma munafuncin mai kawo ƙara ba ya mayar da wanda aka cuta maƙaryaci. Uwar da take Kherson tana neman ɗanta ba ita ta jefa bam a Gaza ba. Idan muka ce ba ruwanmu da ɗanta saboda muna jin haushin Amurka, ko saboda muna ganin Putin yana taka wa Turawan Yamma birki, to mun zama daidai da waɗanda muke zargi, masu awo da mudu biyu. An umarce mu da yin adalci ko ga mutanen da muke ƙi, kuma an umarce mu da faɗin gaskiya ko a kan kanmu. Saboda haka mu faɗa har da namu: daular Usmaniyya ta shafe ƙarnuka tana ɗibar yara maza daga gidajen Kiristocin yankin Balkan tana mayar da su sojoji da ma'aikatan fada. Wasunsu sun zama manyan wazirai, amma ɗaukakar da yaro ya samu daga baya ba ta biyan uwar da aka ƙwace shi daga hannunta. Kuma mu da muka ga iyayen 'yan matan Chibok 276 da aka sace a 2014, wasu har suka rasu ba su sake ganin 'ya'yansu ba, bai kamata a ce sai an yi mana dogon bayani kan wannan ciwo ba.

MENE NE AMFANIN BINCIKEN DA BA YA KAMA KOWA?

Wannan ita ce tambaya mafi wuya. Kwamitin Birtaniya ba kotu ba ne, ba ya ɗaure kowa. Putin kuma yana nan a kan mulki, har ya je Mongoliya a watan Satumba 2024, ƙasar da mamba ce a kotun, aka shimfiɗa masa jar darduma ya dawo lafiya. Sai mutum ya ce to a bar wa Allah kawai.

Hisabin Allah yana nan, babu wanda zai tsallake shi. Sai dai jiran hisabin lahira bai taɓa zama dalilin rufe kotunan duniya ba, in ba haka ba da ba a naɗa alƙali ko ɗaya a tarihin Musulunci ba. Kuma binciken yana da amfani ko bai kai ga ɗauri ba. Yana tabbatar da abin da ya faru a rubuce, yadda gobe ba za a ce ba a yi ba. Yana sa wanda zai hau kujerar nan gaba ya san cewa takardar da ya ɓoye yau wata rana za a karanta ta a gaban marayun da ta shafa. Yana kuma rage wa mai laifi faɗin ƙasa: a watan Agusta 2023 Putin bai halarci taron ƙasashen BRICS a Afirka ta Kudu da ƙafarsa ba, ta bidiyo ya yi jawabi.

Wani lokaci kuma hukuncin yana zuwa, a makare. A Ajantina, gwamnatin soja ta 1976 zuwa 1983 ta riƙa ƙwace jariran matan da ta tsare ta kashe, tana ba wa wasu iyalai, an ƙiyasta kusan 500. Kakannin yaran mata suka haɗa ƙungiya, suka yi ta nema shekara da shekaru, har aka kafa ma'ajiyar gwajin jini ta ƙasa don gano dangantaka. Sun gano sama da 130, da yawansu sun riga sun zama magidanta. A 2012 kotu ta yanke wa tsohon shugaban mulkin sojan, Jorge Videla, ɗaurin shekara 50 a kan wannan laifi. Tsofaffin mata ne da ba su da bindiga ba su da mulki, abin da suka riƙe kawai sunaye da ranakun haihuwa.

ABIN DA YA RAGE A WUYANMU

Mamaci ba ya shigar da ƙara, yaro ɗan shekara huɗu da aka canja wa suna ba ya sanin an cuce shi. Idan rayayyu masu hankali ba su yi tambaya a madadinsu ba, babu mai yi. A fahimtata wannan yana cikin farillan da idan kowa ya bari, kowa ya yi laifi.

Mu ma korona ta ratsa mu, kuma akwai tambayoyin da suke jiran amsa. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, amma kason da gwamnatin tarayyar Najeriya take warewa galibi ko rabin haka bai kai ba. A watan Afrilu 2020 maƙabartun Kano suka cika da gawarwakin dattawa, daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979 kuma rabi ko fiye da haka yana da nasaba da korona. A wannan lokacin aka riƙa loda almajirai a motoci daga jiha zuwa jiha a tsakiyar annoba, wasunsu aka gwada aka same su da cutar. A watan Oktoba na shekarar jama'a suka fasa rumbuna a jihohi da dama suka tarar da kayan tallafi jibge. Kuma mun san shiri yana aiki a nan ma, domin a 2014 da cutar Ebola ta shigo Legas, tsayuwar Dakta Stella Adadevoh da tsarin da aka riga aka gina don yaƙi da shan inna suka sa aka tsayar da ita a kan mutum 20, takwas suka rasu, har da ita likitar.

Don haka idan mai neman ƙuri'a ya zo, ko wakilinku ya dawo gida hutu, a tambaye shi cikin ladabi: asibitinmu gado nawa ne, injin iskar numfashi nawa ne yake aiki, ina rahoton abin da ya faru a 2020, me aka gyara tun daga lokacin? Idan an kwashe yara daga wani wuri saboda rikici ko wata larura, a tambaya: ina jerin sunayensu, wa ya sanar da iyayensu, yaushe za su koma? Wannan nasiha ce ga shugabanni, ba fitina ba ce, kuma shugaba nagari zai yi murna da ita, domin gara a tambaye shi a nan inda yake da damar gyarawa.

Wanda kuma Allah Ya ɗora masa wani nauyi a cikinmu, ko shugaban ƙaramar hukuma ne, ko mai kula da ɗakin magani, ko malamin da iyaye suka damƙa wa 'ya'yansu, ya riƙa rubuta abin da aka ba shi amana, ya san adadinsa, ya yi tanadi tun ana zaune lafiya.

Allah Ya jiƙan waɗanda annoba ta ɗauke, Ya mayar da kowane yaro hannun iyayensa, Ya ba mu shugabanni masu tsoron ranar tambaya, Ya kuma ba mu ikon yin adalci ga wanda muke so da wanda ba ma so. Wallahu a'alam.